Gilashin ƙofar babbar mota ya fashe karo na biyu: ka leƙa cikin ƙofar kafin ka sa na uku

Tambaya: Ina da babbar motar ɗaukar kaya guda ɗaya, da ita nake rufa wa kaina asiri. Shekaranjiya gilashin ƙofar direba ya tarwatse, direban ya ce rufe ƙofa kawai ya yi, gilashin yana rabi a buɗe. Wannan ne karo na biyu cikin wata biyar. Zan iya sa sabo da kaina, ko dole sai mai gyara? Sannan wani ya ba ni shawarar in kai a yanko mini gilashi daidai girman tagar, ko in sa farar roba mai kauri irin wadda ake gani ta cikinta, tunda ita ba ta fashewa. Me ka gani?

Amsa: Malam, Allah ya tsayar nan, ya mayar da alheri. A gajarce, za ka iya sa shi da kanka in kana da haƙuri da mutum ɗaya da zai kama maka. Kada ka yarda a yanko maka gilashi, sai a yanayi guda da zan faɗa can gaba. Roba kuwa ta kwana biyu ce kafin a samo na gaske. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai a tambayar taka shi ne wannan "karo na biyu cikin wata biyar". Na daɗe a wannan sana'a, kuma gilashin ƙofar da aka sa daidai yakan tsufa tare da motar, matuƙar dutse ko ɓarawo bai same shi ba. Rufe ƙofa, ko da da ƙarfi ne, ba ya fasa lafiyayyen gilashin da ke zaune daram a hanyarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke cin gilashi a cikin ƙofar nan, kuma in ba ka gano shi ba, na ukun ma zai bi sahun 'yan'uwansa.

Mu fara da halin gilashin kansa. Na gaban mota falle biyu ne da aka manne da siririyar leda a tsakiya, shi ya sa in dutse ya same shi sai ya yi tsaga kamar saƙar gizo-gizo amma ya tsaya a wurinsa. Na ƙofa, a yawancin manyan motoci, falle ɗaya ne gasasshe. Tun a masana'anta ake yanke shi, a goge bakinsa, a huda shi in yana buƙatar huji, sannan a sa shi a wuta har zafin ya haura digiri 600, a lanƙwasa shi, a hura masa iska ta kowane gefe nan take. Fatar waje takan riga daskarewa, cikin ya biyo baya yana janyo ta, sai gilashin ya zama a ɗame kamar fatar ganga. Wannan ɗamewar ce ta sa ya ninka gilashin gida ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, ita ce kuma ta sa in ya tashi fashewa ba ya tsaya tsagewa, sai ya zube gaba ɗaya kamar tsakuwa. Da gangan aka yi shi haka. Tsakuwar tana iya ƙwarzanar mutum, amma ba ta tsarge shi kamar wuƙa.

Lagonsa yana bakinsa. Kana iya naushin tsakiyarsa ya ƙi ko gezau, amma ɗan ƙwanƙwasa kusurwarsa da kan sukudireba ya isa ya kawar da shi. Ɗamammiyar fatar nan kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kaurin gilashin ta kowane gefe, wato a gilashi mai milimita 5 wajen milimita ɗaya ke nan. Duk ƙwarzane ko ɓantarewar da ta zarce nan ta taɓa tsakiya, magana ta ƙare. Kuma ba lallai ne ya fashe a ranar da ya ji raunin ba. Yana iya yin sati ko wata yana tafe da shi, gargadar hanya tana ƙara masa, zafin rana da sanyin asuba suna ƙara masa, sai ran nan direba ya rufe ƙofa kamar kullum ya ga gilashi ya zubo masa a cinya. Saboda haka kada ka yi saurin ɗora wa direbanka laifi, mai yiwuwa gaskiya ya gaya maka. Abu ɗaya kawai za ka ja masa kunne a kai: gilashin da ke rabi a buɗe babu abin da ke riƙe da samansa, in aka banko ƙofa mai nauyi irin ta babbar mota sai ya yi ta girgiza a kan gindinsa. Ko ya wana shi sama ruf, ko ya sauke shi duka, sannan ya rufe ƙofa.

Daga nan ka ga dalilin da ya sa maganar yanka ba ta taso ba. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Wanda duk ya ce zai yanko maka daidai girman taga, to gilashin gida zai yanko, irin na tagar ɗaki. Shi kuwa in ya fashe dogayen tsinaye yake yi, ga wuyan direba da damtsensa ba su kai kamu biyu daga tagar ba. Ban taɓa sa shi a mota ba, ko da mai motar ya ce ya ji ya gani. Yanayin da na ce shi ne na tsofaffin motoci masu miƙaƙƙen gilashi marar lanƙwasa. Su ana iya yanka musu daga faifan gilashin mota mai falle biyu: a ja layi ta gaba da ta baya, a ɗumama ledar tsakiya a yanke ta, a goge bakin sumul, kaurin kuma ya yi daidai da na asali. Gwajin ba wuya. Ɗora rula a tsaye a kan gilashin ɗaya ƙofar, in ka ga haske tsakaninsu to mai lanƙwasa ne, ka manta da yanka.

Robar da aka ba ka shawara iri biyu ce. Akwai akirilik, wadda take fashewa, kuma fashewar mai kaifi. Akwai folikabonet, wadda da gaske ba ta fashewa, amma tana da laushin fuska. Wana ta sama da ƙasa tsakanin robobi masu ƙura na 'yan makonni ya isa ya mayar da ita kamar hazo, da dare kuma fitilun motocin da ke tahowa su watsu a jikinta. Ka tuna ta wannan tagar direbanka yake kallon madubinsa, kuma a babbar mota madubin gefe shi ne idon baya gaba ɗaya. Dokar manyan motocin kasuwanci ta Amurka ta ce gilashin gaba da na hagu da daman direba dole su bar aƙalla kashi 70 cikin ɗari na haske ya wuce, ƙa'idar Turai ma adadin ke nan. Sannan rashin fashewar da ake yabon ta da shi, ni aibi na ɗauke shi. Ranar da mota ta kwanta a gefe ƙofa ta maƙale, tagar nan ce mafita, kuma da guduma ake buɗe ta.

Yanzu shawarata ta farko a kan aikin: ka buɗe ƙofar kafin ka sayi komai. Mutane sukan sayo gilashi tukuna, su buɗe ƙofa, su tarar roba ta cinye, su ce ai ga gilashi a hannu bari a sa haka nan. Ina kyautata zaton abin da ya faru wata biyar da suka wuce ke nan.

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka ja burkin hannu, ka sa weji. Ƙofar babbar mota tana sama, kada ka yi aikin kana lilo a kan matakala da ƙafa ɗaya. Ka sami benci mai faɗi ko dakali da za ka tsaya da ƙafa biyu. Ka ɗaure ƙofar a buɗe don kada iska ta banko ta hannunka yana ciki. Safar hannu mai kauri da tabarau ba ado ba ne, musamman tabarau, don ƙurar gilashi ba ta da girma amma a ido ta isa.

Marfin cikin ƙofa sukurori da kilif-kilif na roba ne ke riƙe da shi. Sukurorin suna ɓoye a ƙarƙashin 'yan murafe, a cikin mariƙin hannu, a bayan hannun buɗe ƙofa, wani lokaci a cikin aljihun ƙasa. In ka ja marfin ya ƙi, kada ka ƙara ƙarfi, akwai sukurun da ba ka gani ba. In gilashin na hannu ne, hannun wanawa yawanci wata 'yar waya mai siffar kofaton doki ce ke riƙe da shi ta baya. Zura tsumma tsakanin hannun da marfin, ka ja shi hagu da dama, za ta fito. Ka sa ido, tsalle take yi ta ɓace. In na lantarki ne, cire soket ɗin makunnin a hankali. Ɗauki hoto a kowane mataki, za ka gode wa kanka wajen mayarwa. A bayan marfin za ka tarar da leda manne da baƙin danƙo. Ɓare ta a hankali, kada ka yage ta ka yar, ita ce ke hana ruwa shiga cikin mota.

Game da wuta: mayar da makunnin na ɗan lokaci, kunna mabuɗi, motsa injin gilashin har sai maƙalensa, wato abin da ke riƙe gindin gilashi, ya zo daidai ramukan da aka yi a jikin ƙarfen ƙofa don sa sifana. Sannan kashe, zare mabuɗin, cire kan batir na ɓangaren nagatif kafin ka zura hannu. Injin nan yana da ƙarfin karya yatsa, kuma gwiwar hannunka ma ta isa ta danna makunni ba ka sani ba. A ƙananan motocin kaya da ke da jakar iska, in ka ga soket ruwan ɗorawa a cikin ƙofar, kada ka taɓa shi batir yana haɗe.

Sai shara, kuma a nan ne ake gane mai aiki da mai sauri. Gilashi ɗaya yana fashewa zuwa dubban tsakuwoyi, rabinsu a cikin ƙofa suke zubewa. Injin zuƙar ƙura mai siririn baki shi ne kayan aikin. In bakinsa bai kai lungu ba, ɗaura masa guntun tiyo. Kada ka hura da iskar kwamfiresa, za ka dai watsa su zuwa inda ba za ka iya kaiwa ba. Zuƙe gindin ƙofar, bubbuga ta da tafin hannu, sake zuƙewa, kaɗa ƙofar ka kasa kunne. Muddin kana jin ƙaras-ƙaras, da saura. A can ƙasa akwai 'yan ramukan fitar ruwa, zura waya ka tabbata a buɗe suke. In suka toshe ruwan sama zai kwanta a ciki, tsatsa ta ci gindin ƙofar, injin gilashin ma ya mutu. Leƙa cikin makullin ƙofa, tsakuwa ɗaya ta isa ta hana shi kamawa. A cikin mota kuma ka bi kujera, layin da kujera ke gudu a kai, ƙarƙashin tabarma, da ramukan iska na gaban direba, don kada ran da aka kunna fanka ta feso masa a fuska.

Mafi muhimmanci ita ce robar hanyar gilashi, wato doguwar robar nan mai kwari, mai gashi-gashi a ciki, da ta zagaye tagar ta gangara cikin ƙofa ta gaba da ta baya. Zare ta gaba ɗaya. Buɗe kwarin da yatsu ka bi shi daga farko har ƙarshe a cikin haske. Tsakuwa ɗaya da ta nutse a cikin gashin nan za ta riƙa gurzar bakin sabon gilashi duk wanawa, safe da yamma, har ta cim ma tsakiyarsa. Duba kuma ko gashin ya cinye, ko robar ta huje har ƙarfe ya leƙo, ko ta bushe ta yi tauri kamar itace. In ka ga ɗaya daga ciki, ka gano mai laifin, ka sayi sabuwa tare da gilashin. A gilasan da na gani sun fashe sau biyu a ƙofa ɗaya, wannan robar ta fi kowa yawan hannu a ciki. Robar bakin taga mai share ruwa ita ma tana da ƙarfe a cikinta, in ta tsufa ƙarfen yakan fito ya ja layi a fuskar gilashi daga sama har ƙasa.

Daga nan ka koma kan injin gilashin. Iri biyu aka fi gani: mai hannuwa kamar almakashi, da mai waya da ke jan maƙale a kan layin ƙarfe. Kama maƙalen ka girgiza. In yana wasa gaba da baya, 'yan tayoyinsa na roba sun cinye, gilashi zai riƙa tashi a karkace, kusurwarsa ɗaya tana caka hanya. Duba ko hannun almakashin ya lanƙwashe, ko wayar ta fara warwarewa, ko wani noti ya kwance. A can ƙasa akwai 'yar robar da gilashi ke sauka a kai, in ta faɗi to a kan ƙarfe yake dira. Gargaɗi ɗaya: mai almakashi yana da naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfi da aka yi don ya ɗauki nauyin gilashi. In ka cire masa moto, wato ɗan injin lantarkin da ke juya shi, ba tare da ka kulle hannun da noti ko filaya mai kamawa ba, zai harba, kuma yatsun da ke kusa ba za su ji daɗi ba. In moton za ka sake, ka san cewa manyan motocin Turai da Japan yawanci wutar volt 24 suke amfani da ita, na Amurka 12.

Wajen saye, kada ka je da sunan mota kawai. Suna ɗaya yakan ɗauki kan mota iri biyu ko uku. Actros ta Mercedes ta fara fita a 1996, a 2011 aka sake mata kai gaba ɗaya, sunan yana nan amma ƙofar ta canza. Haka Volvo FH da ta fito a 1993, aka sake mata kai a 2012. Kwafi lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ka kwafe ta da kyau. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, in ka ga mai kama da su to ɗaya ne ko sifiri. Ka ce ƙofar hagu ko ta dama, yadda take in kana zaune a kujera kana kallon gaba, kada ka ce "ta direba", domin akwai masu sitiyari a dama. Ka faɗi ko na hannu ne ko na lantarki, kuma ka tafi da hoton maƙalen da ka gani a cikin ƙofar.

A kusurwar ƙasa ta kowane gilashin mota na gaske akwai tambarin da ba ya kankaruwa da farce. A na tsarin Turai za ka ga harafin E da lamba a cikin da'ira, sai 43R. Lambar da ke gefen E ƙasar da ta amince da gilashin take nunawa, ba inda aka ƙera shi ba: 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Birtaniya. In akwai harafin V kusa da da'irar, gilashin mai duhu ne da bai kai kashi 70 ɗin nan ba, bai dace da ƙofar direba ba. A na tsarin Amurka za ka ga DOT da lambar masana'anta, sai AS1 na gilashin gaba, AS2 na gefe, AS3 mai duhu na bayan direba. Na Sin suna ɗauke da CCC. Wasu sababbin motoci suna zuwa da mai falle biyu har a ƙofa, tambarin ɗaya ƙofar zai gaya maka, kuma irin wanda ya fita shi za ka mayar, saboda kaurin. Ba dole ne ya zo da sunan kamfanin motar ba. Masana'antu irin su Pilkington da Saint-Gobain da AGC da Fuyao su ne dama ke yi wa kamfanonin. Wanda ba shi da tambari kwata-kwata, bar musu kayansu. Tsoho da aka ciro daga wata mota ba laifi, amma ka bi bakinsa da farce zagaye guda, in farcenka ya tsaya a wata ɓantarewa ka ajiye shi. In ka kawo shi, a tsaye za ka jingine shi a kan kwali ko katako, kada kusurwarsa ta taɓa siminti.

Yadda gilashi ke kama injin ya bambanta. Wani huji gare shi da noti ke ratsawa, wani matse shi ake yi tsakanin ƙarfe biyu masu roba, wani kuma gindinsa yana zaune a cikin kwarin ƙarfe da aka manne da gam ko aka cusa da roba. Na ƙarshen nan ya fi wahala. Dole ka kankare kwarin tas, ka auna inda yake zaune a gilashin ɗaya ƙofar ka sa shi daidai wurin, kuma gam ɗin gilashin mota ake sa wa, ba silikon na banɗaki ba. Bar shi ya kwana gilashin yana sama a manne da salatef kafin ka wana.

Mayar da robar hanya, amma ka cire robar bakin taga ta ciki ka ajiye tukuna don ramin ya yi faɗi. Manna salatef na takarda a bakin ƙarfen ramin. Kai kana riƙe da gilashi ta sama, abokin aikinka yana tarbarsa ta ramin cikin ƙofa. A yawancin ƙofofi karkata shi ake yi, kusurwar gaba ta fara nutsewa, in ya shiga sai a juya shi ya miƙe, bakinsa na baya ya faɗa hanyarsa, na gaba ma haka. In ya ƙi, fito da shi ka sake kusurwa. Ba a tura gilashi da ƙarfi, kuma ba a ɓamɓare masa hanya da sukudireba.

Ga inda nake so ka fi nutsuwa. Ɗaura notocin maƙalen sako-sako, yadda gilashi zai iya ɗan motsi. Wana shi a hankali har sama ya shige kwarin sama gaba ɗaya (in na lantarki ne, mayar da batir don wannan, ka sake cire shi kafin ka zura hannu); da kansa zai nemi mazauninsa. A nan za ka ɗaure, in ramukan sun ba ka dama. In ba su ba ka ba, sauke shi kaɗan ba tare da ka bari ya goce ba, sannan ka ɗaure. Wanda aka ɗaure a ƙasa kafin a gwada shi a sama yakan zauna a karkace, kullum a matse, kuma gilashin da ke matse kwanansa ƙidayayyu ne. Ƙarfe kada ya taɓa gilashi ko'ina: kowane huji da 'yar robar da ke shiga cikinsa, kowane noti da washar roba. Ina koyon aiki na taɓa mantawa da robar huji ɗaya, na ga noti ya shiga lafiya na ce ai shi ke nan, na ƙara masa rabin juyi don ya kama sosai. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Na kwashe yammacin ranar ina sake share ƙofar da na gama sharewa da safe. Notocin nan ƙanana ne, yawanci sifana mai lamba 10 ce ke kama su, ɗaurin yatsu biyu a kan gajeriyar sifana ya ishe su.

Fesa man silikon a cikin robar hanya, giris kuma a haƙoran injin da layin ƙarfe kawai. Kada baƙin mai ko giris ya taɓa roba, yana kumbura ta, ƙura kuma ta manne. Mayar da batir, wana gilashin sama da ƙasa sau goma marfin yana cire, kana kallo kana saurare. Ya tafi da gudu ɗaya, ba tsayawa, ba ƙara, ba karkata. In na lantarki ne mai tashi da danna ɗaya, bayan cire batir yakan manta iyakarsa, har ya riƙa kaiwa sama yana dawowa. A yawancin motoci maganin shi ne ka kai shi sama ka ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙoƙi, ka kai shi ƙasa ka yi haka. Littafin motar zai faɗi nata tsarin. Sai ka mayar da leda ka manne ta zagaye, ka gwada hannun buɗe ƙofa da makulli kafin ka rufe ƙofar, ka mayar da marfi, ka zuba ruwa ta waje ka ga yana fita ta ramukan ƙasa.

Wanda bai taɓa yi ba, sai ya ware rabin yini. Inda zan ce ka kira mai gyara shi ne in gilashin na gam ne kuma ba ka taɓa aiki da shi ba, ko injin da ribit aka kafe shi, wato ƙusar da ba ta kwancewa da sifana, ko abin da ya fashe ƙaramin gilashin nan ne na kusurwar gaba ko na ƙasan ƙofa da ake hango gefen titi ta cikinsa, don su a cikin firam ko roba ake dasa su, da igiya da dabara. Kafin gilashi ya iso, farar leda mai kauri da salatef na takarda ta isa ta tare ruwa a inda motar ke ajiye; salatef mai ƙarfin danƙo yana ɗaye fenti in rana ta dake shi. Ban so a yi doguwar tafiya da leda a tagar direba, madubi ba ya ganuwa da kyau ta cikinta.

In kuwa ka buɗe ka tarar roba lafiya, inji lafiya, notoci da robobinsu, to ka ja da baya ka kalli ƙofar kanta. Buɗe ta kaɗan, kama ƙarshenta ka ɗaga sama. In ta yi wasa, hinji, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, ya cinye, ƙofar ta sauka, shi ya sa sai an banko ta take kamawa, kuma duk bankowa gilashi ne ke sha. Rufe ta ka dubi tazarar da ke tsakaninta da bodi, ta zama ɗaya daga sama har ƙasa. Auna faɗin tagar a wuri uku ka gwada da na ɗaya ƙofar. Direbobi da yawa firam ɗin taga ko hannun madubi suke kamawa su hau mota, shekara da shekaru, har firam ɗin ya ɗan karkace ba wanda ya lura. In awon ya saɓa ko da da 'yan milimita ne, mai gyaran bodi za ka fara kai wa ya daidaita firam da hinji, sannan a zo maganar gilashi.